Gargaɗi: masu cewa direbobin kwamfutarka sun tsufa, aljihunka suke hari

Jama'a, a yi hattara da wata damfara da ta daɗe tana cin masu kwamfuta, musamman masu amfani da Windows. Yawanci tana samun mutum ne a lokacin da yake cikin matsuwa: ya sayi sabuwar firinta ta ƙi aiki, ko an sake loda masa Windows sauti ya ɗauke. Sai ya shiga intanet neman direba, wato ƙaramar manhajar nan da ke yi wa Windows tafinta tsakaninta da na'ura. Abin da zai fara fito masa talla ce mai ƙaton maɓalli. Da ya sauke abin ya buɗe, sai ya yi wani ɗan bincike na ƙarya, allo ya cika da jan rubutu, wai direbobi masu yawa sun tsufa, kwamfuta na gab da lalacewa. Ya danna wurin gyara, a ce ya kawo lambar katin banki. Sau da yawa kuma ba biyan sau ɗaya ba ne, za a riƙa cire masa kuɗi duk shekara ba tare da an sake tambayarsa ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, aikin da suke sayarwa Windows na yin sa kyauta. Kowace na'ura da ke cikin kwamfuta ko aka jona mata tana ɗauke da lambar shaida da ke nuna kamfanin da ya ƙera ta da kuma samfurinta. Na'urorin Intel suna nuna VEN_8086, na Nvidia VEN_10DE, na Realtek VEN_10EC. Da ka jona abu, Windows za ta karanta wannan lamba, ta duba rumbun direbobin da ke cikinta, in babu ta nemo ta hanyar Windows Update, ta ɗora, ta ware wa na'urar abin da take bukata. Tun zamanin Windows 95 aka fara wannan tsari da ake kira Plug and Play. Shi ya sa kake jona linzami ko kibod su kama aiki nan take, ba wanda ya nemi ko kwabo a wurinka. A Linux ma yawancin direbobin suna zuwa ne tare da zuciyar manhajar, a Mac kuwa suna zuwa cikin sabuntawar da Apple ke turowa.

To ina suke samo maganar tsufa? Daga kwanan wata. Buɗe Device Manager, wato sashen Windows da ke jera na'urorin kwamfutarka, ka duba direban kibod ɗinka ko na faifan ajiya, da wuya ba ka ga an rubuta 21 ga Yuni 2006 ba. Ɗan damfara zai nuna maka wannan ya ce ka gani, kusan shekara ashirin ba a taɓa shi ba. Ƙarya ce. Microsoft da gangan take sa wannan kwanan wata a direbobinta ko da jiya aka gyara su. Dalilin kuwa, idan direbobi biyu suka dace da na'ura ɗaya daidai wa daida, Windows tana ɗaukar wanda kwanan watansa ya fi kusa. Da Microsoft za ta riƙa sa ainihin ranar, da duk sabuntawar da ta fitar sai direbanta na gama-gari ya ture na kamfanin da ya ƙera na'urar, wanda shi ya fi sanin kayansa. Intel ma tana yin haka a wasu fayilolinta, inda za ka ga 18 ga Yuli 1968, ranar da aka kafa kamfanin, lokacin da ko Windows ɗin babu ita. Wanda bai san wannan ba dole hankalinsa ya tashi, kuma tashin hankalin nan shi ne jarinsu.

Ko da direba ya tsufa da gaske, tsufa ba laifi ba ne in na'urar na aiki lafiya. Akwai wuraren da sabuntawa ke da amfani, kamar katin hoto ga masu wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo, ko idan kamfani ya toshe wata ɓaraka ta tsaro. Amma canza direba ba wasa ba ne, domin da yawansu suna aiki ne a can cikin zuciyar Windows, inda kuskure ɗaya ke kayar da komai. Duniya ta ga misali a ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da wata sabuntawa mai matsala daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, wato allon da Windows ke nunawa idan ta faɗi, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cak. Wannan fa babban kamfani ne, kuskure ya yi. Ina ga manhajar da ba ka san mai ita ba, ka ba ta izinin taɓa wannan wuri?

Mataki na biyu ya fi muni. Wani lokaci shafi ne zai rufe allon gaba ɗaya, da tambarin Microsoft, da ƙara mai firgitarwa, da lambar waya a ce ka kira yanzu. In ka kira, mutumin zai yi maka magana cikin ladabi, ya sa ka ɗora AnyDesk ko TeamViewer. Waɗannan manhajoji ne na halal, amma da ka karanta masa lambar da suka nuna, ya shiga kwamfutarka kamar yana zaune a gabanta. Sai ya buɗe Event Viewer, wato inda Windows ke rubuta abubuwan da ke faruwa a cikinta, ya nuna maka jerin gargaɗi masu launin ja da rawaya, alhali duk wata kwamfuta mai lafiya tana da su. Microsoft ta faɗa a fili cewa saƙonninta na kuskure ba sa ɗauke da lambar waya, kuma ba ta kiran mutum haka kawai don gyara masa kwamfuta.

Kada a ɗauka ƙananan ɓarayi ne kaɗai ke wannan. A 2019 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta tuhumi kamfanonin Office Depot da Support.com da amfani da binciken kwamfuta na bogi don sayar da gyara, suka amince su biya dala miliyan 35. A 2024 kamfanonin Restoro da Reimage suka amince su biya dala miliyan 26 kan zargin tsorata mutane da saƙonnin ƙarya. Masu binciken hukumar sun gwada manhajar a kwamfutocin da ba su da wata cuta, amma duk da haka ta ce akwai matsala.

Idan na'ura ta ƙi aiki da gaske, Windows da kanta za ta nuna maka. A Device Manager za ka ga alamar motsin rai cikin rawayar kusurwa uku a jikin sunanta, kuma Code 28 na nufin ba a ɗora mata direba ba. Fara da Windows Update, ka leƙa sashen Optional updates. In babu, rubuta adireshin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko na'urar da hannunka, ka nemi samfurinka, kada ka bi talla. In sabon direba ne ya kawo matsala, maɓallin Roll Back Driver zai mayar da na da. Duk shafin da ya ce sai ka kashe riga-kafin kwamfuta, ko ka kashe tantance sa hannun direbobi kafin ka ɗora kayansa, rufe shi. Wannan tantancewar ita ce ke hana baƙuwar manhaja shiga zuciyar Windows. Shafin da ya toshe allo kuwa, danna Ctrl da Shift da Esc tare, jerin manhajojin da ke aiki zai fito, ka kashe burauzar daga nan, in ta sake buɗewa kada ka yarda ta dawo da shafukan baya.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya fara cire intanet daga kwamfutar. Ya kira bankinsa ta lambar da ke bayan katinsa, a toshe katin a dakatar da cire kuɗin. Ya canza kalmomin sirrinsa ta wata na'ura daban, ya fara da na imel. Sannan ya goge manhajar, ya yi cikakken bincike da Microsoft Defender, riga-kafin da ke zuwa tare da Windows, in kuwa wani ya shiga daga nesa, ya fi aminci a kwashe fayiloli a sake loda Windows. Ya kuma sa ran za su sake kira, wannan karon su ce za su mayar masa da kuɗinsa, sai dai ya buɗe asusun bankinsa suna kallo. Ya kashe wayar kawai.