Wane lasisi za ka ɗora wa manhajarka? Zaɓi wanda kotu ta sani

In ka rubuta manhaja kana son sakin ta ga jama'a, tun farko ka tambayi kanka: ranar da wani kamfani ya ɗauke ta ya kulle, da me za ka tunkare shi?

Ni dai lasisin GPL nake nuna wa kowa. Richard Stallman ne ya tsara shi, bugu na biyu ya fito a 1991, na uku a 2007. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ya raba manhajar, ko da gyara ta ya yi ya sayar, dole ya miƙa asalin rubutunta a kan wannan lasisin. Ƙarfinsa daga dokar haƙƙin mallaka yake: ka karya sharaɗi, izinin rabawa ya kuɓuce maka. An daɗe ana cewa barazana ce ta fatar baki, sai ga shi a 2004 wani marubucin manhaja, Harald Welte, ya kai kamfanin Sitecom ƙara kan karya GPL, kotun Munich ta ba shi gaskiya. A 2006 kotun Frankfurt ta yi wa D-Link haka. A Amurka, gidauniyar FSF, mai kula da GPL, ta maka kamfanin Cisco a kotu a 2008, aka yi sulhu a 2009. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta sa kamfanin Orange biyan diyya kan manhajar Lasso.

In a intanet mutane za su riƙa amfani da manhajar ba tare da sun sauke ta ba, ɗauki AGPL, ɗan'uwan GPL da ya haɗa har da irin wannan amfani, don GPL bai kai nan ba. Lasisin MIT da na BSD kuwa, sunanka kawai suke karewa. Wani kamfani ya taɓa kwashe aikin da na saki a kan MIT, ya rufe, ya sayar, kuma doka na bayansa. Lasisin Apache ma kamar MIT yake, illa ƙarin batun haƙƙin ƙirƙira.

A yi hattara da na jabu. Lasisin SSPL da kamfanin MongoDB ya fitar a 2018 bai samu amincewar OSI, ƙungiyar da ke tantance lasisin buɗaɗɗiyar manhaja, ba. Ganin rubutun manhaja a GitHub, shafin ajiye rubutun manhaja, ba izini ba ne. In babu lasisi, mai ita bai ba ka komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne takardar da wasu kamfanoni ke sa masu ba da gudummawa su sa wa hannu, wadda ke ba su damar sauya lasisi daga baya. A 2023 kamfanin HashiCorp ya mayar da manhajar Terraform kan BSL, lasisi mai taƙaita amfani da ita a kasuwanci, bayan shekaru jama'a na zuba guminsu a ciki. Karanta irin wannan takarda sosai kafin ka sa hannu, kuma ka riƙe haƙƙin rubutunka, don galibi mai haƙƙi ne kotu ke saurara.