Dilolin ciyawa 200 da na saya wa shanuna: waje fes, ciki sai wanda ya gani

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mai kawo mini harawa ya samu bakin magana. Duk zuwa sai ya ƙara wani abu ya ce kuɗin mota ne. Shanuna ba yawa gare su ba, 7 ne har da maraƙi, a bayan gari wajen Kura nake ajiye su, amma wanda ya taɓa riƙe ko saniya ɗaya daga hunturu zuwa faɗuwar ruwa ya san abin da bakinta ke lashewa. Ana haka wani abokina ya turo mini bidiyon masu ɗaure ciyawa da inji: tarakta na tafe, injin na tofo ta ƙunshi-ƙunshi mai kusurwa huɗu, kowanne da igiyar roba biyu. Su bel suke cewa. Ni dila na raɗa mata, kuma sunan ya bi ta, domin wanda ya taɓa sayen dilar gwanjo ya san ba ka sanin abin da ka saya sai an yanke ɗauri.

A ƙarshen Nuwamban 2024 na biya kuɗin dila 200. Kowace dila ba ta wuce kilo 15 zuwa 18 ba, babbar saniya irin tamu kuma tana cin wajen kilo 6 ko 7 na busasshen abinci a yini. Na ce dila biyu a rana, a haɗa da karan dawa da ɗan dusa, za su kai ni kwana 100. In na fara a Janairu, sai tsakiyar Afrilu in koma kan 'yar harawar waken da na tara a kan rufi.

Motar farko ta kawo 120, ina tsaye aka sauke. Gaskiya ta burge ni. Kyasuwa ce da harkiya da ɗan gamba, korenta bai gudu ba, ga ƙamshi. Muka shimfiɗa itace, muka barbaɗa toka saboda gara, muka jera su kamar bulo a rumfar da ke kusa da turke. Wurin da dami 30 na harawa zai cinye, nan dila 120 ta zauna. Ba kakkaɓewar ganye, ba iska ta kwashe rabi. Baffa, dattijon da ke kula mini da su, shi kaɗai ne bai yi murna ba. Ya ɗaga ɗaya, ya jinjina, ya ce, "Alhaji, dami ina cusa hannu in ji cikinsa. Wannan fa?" Ya nemi mu farke biyar ko shida mu duba. Na hana, wai in an yanke igiya ba ta komawa. Wannan wautar tawa ce, ban ɗora wa kowa ba.

Wata biyu cur ba abin da na gani sai alheri. Shanu na ci har ƙasan komi, bijimin da nake kiwatawa don Babbar Sallah ya fara murjewa, nono bai ragu ba duk da sanyin Janairu. Har na shiga zauren makiyayanmu na WhatsApp na zuba yabo, mutum biyu suka saya a kan maganata.

Ragowar 80 ɗin ba tare suka zo ba. Bayan kwana uku aka kawo su, bayan isha'i, ba na nan. Direba na sauri, aka zuba su a tsohon ɗakin ajiya aka ja ƙofa. Ba mu waiwaye su ba sai farkon Maris, daidai kamawar azumi. Ni zirga-zirgar azumi ta sa na rage zuwa, Baffa kuma ƙafa ta matsa masa, sai jikansa ke ba shanun abinci bayan sahur, cikin duhu. Yaro ya ga suna shinshinawa suna kau da kai, sai ya yi dabarar da ya ga ana yi wa kara: ya jiƙa kanwa da gishiri ya yayyafa. Yunwar rani ba ta bar saniya ta yi zaɓe ba. Suka ci.

Wajen kwana 10 Baffa ya kira ni. Uku na zawo, nono ya ja baya, yaron kansa tari yake. Kafin in shirya in je, da asubar washegari Gudalita, wadda na fi ji da ita a garken, ta zubar da cikin wata 7. Maraƙi namiji. Na iske ta tsaye a kansa tana lasa.

Ban ce wa kowa komai ba, na karɓi wuƙa a hannun Baffa na shiga ɗakin nan. Dilar farko da na yanke, wata farar ƙura ta turnuƙe ni har sai da na fita waje na yi tari. Daga waje ciyawa ce lafiya lau, kamar kaurin yatsu huɗu. Daga nan zuwa tsakiya ta dunƙule ta yi baƙi-baƙi, fumfuna fari da kore a kowane layi, warinta kamar an buɗe rumbun da ruwa ya kwana a ciki. Sai a lokacin na lura sun fi na motar farko nauyi. Da a ce ina wurin daren da aka sauke, har murna zan yi in ce an cika mini mudu. Ashe ruwa na saya.

Likitan dabbobi ya ɗebi jininta don ya tabbatar ba bakkale ba ne, cutar nan mai sa shanu ɓari, sakamako ya fito babu. Ya ce ciyawa mai fumfuna tana sa saniya ɓari, musamman in ciki ya tsufa. Ya ƙara da cewa in aka ɗaure ciyawa danshinta ya haura kashi 20 cikin 100, injin ya matse ta ba ta shan iska, sai ta yi ta dahuwa daga ciki, wani lokaci har wuta ta tashi a ɗakin ajiya. Watau ma an yi mini da sauƙi ke nan. Muka farke 80 ɗin kaf, har da waɗanda aka riga aka taɓa. 53 sun lalace. Sauran 27 ɗin ma rabinsu tsohuwar gamba ce da ta riga ta fitar da kai, wadda mai saƙar zana zai fi saniya jin daɗinta.

Na kira mai kayan. Ya yi jaje sosai, muryarsa kamar ta mutumin kirki, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, anya ba ajiya ba ce? Wataƙila ɗakin na yoyo." Na ce masa, "Alhaji, wane ruwa aka yi a ƙasar Kano tsakanin Nuwamba da Maris?" Ya yi shiru. Shi ya sani, ni ma na sani, yankan ƙarshen damina ne aka ɗaure shi da raɓa don a cika oda. Daga ƙarshe ya ce zai ba ni dila 20, in na biya kuɗin mota.

Da na fara rubutun nan niyyata in ce kayan ba laifi, a dai duba kafin a sauke. Har yanzu ba zan yi ƙarya in ce 120 ɗin farko ba su yi mini rana ba. Amma ina rubutawa ina tuno wasu abubuwan. Hoge da tsakuwa da muka riƙa tsinta a tsakiyar dila, tun a motar farkon ma, na yi shiru don ina cikin zumuɗi. Ga igiyar robar nan. Sau biyu Baffa na zaro ta daga bakin maraƙi, kuma likita ya ce ita da leda duk ɗaya ne, ba ta narkewa, tana taruwa a tumbi sai an farka ciki. Ba wanda ya gaya mini haka ranar da ake karɓar kuɗina. Yanzu ƙusa muka kafa, duk dilar da aka buɗe sai an rataye igiya biyu an ƙirga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin. A Maris, ana azumi, na koma neman harawa a farashin da kowa ya sani, wanda don gudunsa na sayi dilolin tun farko. Dole ta sa na kai bijimin nan kasuwar Wudil ranar Juma'a, wata uku kafin Sallah, na sayar da shi yadda dillalai suka ga dama. Ruɓaɓɓun 53 ɗin muka tura ramin taki.

Cikin mutum biyun da suka saya saboda ni, ɗaya ya ce nasa lafiya ƙalau har ƙarshe. Ɗayan in mun haɗu a masallaci yana amsa sallama, amma bai ƙara tambayata shanu ba. Gudali ta warware, ta sake ɗaukar ciki da damina. Dila 20 ɗin kuwa na tura kuɗin mota tun bayan Ƙaramar Sallah, har yau direban yana hanya.