Sega, Nintendo ko Play: wacce za ka saya a Yamai, kuma ta yaya za ka gane jabu?

Duk ɗan Yamai da ya yi ƙuruciya a shekarun 1990 ya san rumfunan nan na kwano inda ake jera tele biyu ko uku, ka ba da dala biyar ko dala goma a miƙo maka manet, wanda aka ci ya tashi ya ba na baya wuri. Yaran wancan lokaci yau su ne magidanta, kuma da yawa cikinsu sun koma neman na'urar da suka yi wasa da ita a Bukoki ko Zongo ko Talaje, wani don ya nuna wa ƴaƴansa, wani don ya sake jin muryar nan mai jan "Seega" idan aka kunna Sonic. Kayan suna nan: a Katako, a wajen masu sayar da tsofaffin kayan Turai da ke shigowa ta Kwatano da Lome, a ɗakunan ajiyar ƴan uwa. Sai dai masu lafiya kaɗan ne, jabu kuma ya fi na gaske yawa.

In aka tambaye ni, amsata ɗaya ce: Mega Drive ta farko, baƙar nan mai faɗi da aka rubuta 16-BIT a bisanta. Kamfanin Sega ya fitar da ita a Japan a 1988, ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis, ta iso Turai a 1990. Babban abin da ya sa na fifita ta a garinmu shi ne babu wani abu mai motsi a cikinta. Ba ido mai karanta faifai, ba moto, ba fanka. Kaset daga sama yake shiga, ya zauna daram. Ƙurar hunturu ta shiga, zafin watan Afirilu ya haura 40, ita dai tana aiki. Na ga wadda ta shekara da shekaru cikin kwali a ɗakin kwano, aka goge bakin kaset, aka kunna, ta tashi.

Sai maganar sauti, wadda mutane da yawa ba sa lura da ita wajen ciniki. Guntun Yamaha YM2612 ne ke yi mata kiɗa, kuma ta farkon tana da wurin sa abin saurare na kunne a gaba, da ɗan maɓallin ƙara murya da ake turawa sama da ƙasa. Daga wannan rami sauti ke fita gefe biyu. Ka ja waya daga nan zuwa lasifikar ɗaki, ka sa Streets of Rage 2, za ka ji gangar da ƙaramar telen rumfa ta ɓoye mana tun muna yara. Mega Drive 2, ƙaramar mai kusurwa huɗu da ta fito a 1993, an cire mata wannan ramin, kuma da yawa cikinsu muryarsu a shaƙe take. Tana aiki, ban hana ka saye ba, amma in an ajiye maka su biyu, ɗauki babbar ko da an ɗora wani abu a kan kuɗin.

Wasanninta kuwa na zaman mutum biyu ne, irin zaman da muka saba. Golden Axe, Streets of Rage 2, Mortal Kombat na 1993 da sirrinsa A B A C A B B wanda kowane yaro a unguwa ya haddace, International Superstar Soccer Deluxe ga ƴan ƙwallo. Mai ƙaramin yaro ya nemi Sonic 2 na 1992: ka riƙe Sonic, ka ba yaron manet na biyu ya riƙe Tails. Tails ko ya faɗa rami yana dawowa ta sama, don haka yaro ɗan shekara huɗu zai yi wasa tare da babansa ba kuka, ba a kuma ɓata maka tafiya. Mafi yawan waɗannan kaset-kaset ba su da batir a ciki, ba abin da zai mutu da tsufa. Abu ɗaya: in Street Fighter II ne a ranka, nemi manet mai maɓalli shida, wanda ya fito a 1993. Da mai uku sai ka riƙa danna Start don sauya naushi da shuri, wasan ba ya daɗi haka.

Abin da muke kira Nintendo a da, yawancinsa ba na kamfanin Nintendo ba ne. Asalin ita ce Famicom da ta fito a Japan a 1983, ƴan Taiwan da Sin suka kwaikwaye ta, suka cika duniya da irin su Terminator da kaset ruwan ɗorawa mai cewa wasa 999999 a ciki. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan waje suka ninka kuɗi, su ne iyaye suka iya saye. In Mario da Contra da wasan tankoki kake kewa, sayi sabuwar kwaikwayo da araha, ka san abin da ka saya, shi ke nan. NES ta asali, wato Famicom ɗin da Nintendo ya yi wa Amurka da Turai, akwatin nan mai ruwan toka, haƙoranta 72 suna sakin jiki har jar fitila ta riƙa ƙyaftawa, kuma kaset ɗinmu ruwan ɗorawa mai haƙora 60 ba ya shiga cikinta. Bindigar harbin agwagi kuma sai da tsohuwar tele mai ƙusumbi, a filasma ba ta kama komai.

Super Nintendo na'ura ce mai kyau, amma kaset ɗinta tsada, batiran ajiyar wasa sun mutu, robarta ta yi ja tana karyewa. Master System II mai Alex Kidd a ciki, sai in kyauta aka ba ka. Atari 2600 ta 1977 kayan ajiya ce ga mai tarawa. PlayStation ta farko, wadda ta iso Turai a 1995, na san da yawa za su ce ita ce zamaninsu, amma rayuwarta duka a idon karanta faifai take, ƙura kuwa ba ta bar ido ba. Wanda ya taɓa kifa ta a ƙasa don faifai ya karantu ya san abin da nake nufi.

Yanzu ga abin da nake fara dubawa tun kafin na'urar kanta: taransfo. Mega Drive ta farko da na saya da gumina, mai kayan ya haɗo mini da taransfon Nintendo, ya ce, "Ɗan'uwa, duk 9V ne, kai dai je ka kunna." Bakinsa ya shiga daidai. Ina kunnawa na ji ƙauri, daga ranar ba ta sake tashi ba, shi kuma ya ce lafiya lau ta bar shagonsa. Taransfon NES wutar AC yake bayarwa, Mega Drive kuwa DC take ci. Mega Drive ta farko tana son alamar ragi (−) a tsakiyar baki, Mega Drive 2 alamar ƙari (+) a tsakiya da baki siriri. Juya taransfon ka karanta bayansa da idonka, akwai ɗan zane mai nuna tsakiya da gefe. In takardar ta goge ko an kankare ta, ajiye shi. Kuma ka duba wutar da yake karɓa: namu 220V ne, na Japan 100V, na Amurka 120V. Ka cusa na Japan a bangonmu, nan take zai ƙone, wani lokaci ya tafi da na'urar. Akwai masu sauya masa kai kawai su sa na Turai mai ƙafa biyu, ka gan shi kamar namu. Ka sa regilatar tsakaninta da bango, kuma in an ɗauke wuta ka zare fis, domin dawowarta da ƙarfi ke kashe tsofaffin kaya.

Sai tele. Da yawa cikin tsofaffin kayan da ke zuwa mana daga Faransa suke, Mega Drive ta Faransa kuwa an yi ta ne don Péritel, faffaɗan bakin nan mai haƙora 21, ba ta da wurin eriya. Hotonta ta nan ya fi kowane tsabta, amma in telenka ba ta da Péritel sai ka nemi ɗan akwatin da ke juya shi zuwa HDMI. Wayar hoton Mega Drive ta farko mai babban baki ce mai haƙora 8, ta Mega Drive 2 ƙarami mai 9, ɗaya ba ta shiga ɗaya. Kada ka yarda da "waya ai ko'ina akwai", a kawo ta a haɗa cikin ciniki. Ta Turai tana gudu a 50Hz, ta Japan da Amurka a 60Hz, shi ya sa Sonic na farko a ta Turai yake tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin ɗari, har kiɗan ma yana ja. In da ta Turai ka tashi, ita kunnenka zai gane. Kaset ɗin Japan kuma siffarsa daban, ba ya shiga bakin ta Turai sai da mahaɗi.

Jabu iri biyu ne, kuma na farkon ya fi ciwo. Za ka ga kwali mai hoton Sonic, jiki baƙi sak Mega Drive 2, an rubuta 16-BIT ɓaro-ɓaro, a ciki kuwa kwaikwayon Famicom ce mai 8-bit. Ka kai gida ka kunna, Mario ya fito. Sega ba ta taɓa ɗauke da Mario ba. Bakin kaset ɗinta ƙarami ne, na Sega na gaske ba zai zauna ba, don haka ka tafi kasuwa da kaset ɗaya naka a aljihu. Ramin manet ɗinta ma mai haƙora 9 ne irin na Sega, abin da ke ruɗin mutane ke nan, amma manet ɗin ɗaya ba ya aiki a ɗaya. Iri na biyu tana cin kaset ɗin Sega da gaske, sai dai sautinta a karkace yake, wasu wasanni su tsaya a tsakiya. Ɗaga ta ka ji nauyi, ta gaske akwai ƙarfe a ciki. Juya ƙasanta ka nemi takarda mai lambar serie da lambar samfuri: 1600 ko 1601 ga ta farko, 1631 ga ta biyu, HAA-2510 in ta farkon Japan ce. A gefen dama akwai ɗan murfi inda ake haɗa Mega-CD, na'urar Sega mai karanta faifai. Zare shi. A ta gaske za ka ga bakin allo mai haƙora, a jabu sau da yawa rami ne wayam.

Kaset ma haka. Na Sega yawanci kusoshinsa ba sa kwantuwa da sukudireba na gida, jabu kuwa kusa mai gicciye ce ko ma an manne shi kawai. In an buɗe ka ga baƙin ɗigo kamar kwalta a kan allo a maimakon dogon guntu mai ƙafafu, yawanci kwafi ne. Sega ta yi nata haɗin, irin su Mega Games mai wasa 3 ko 6, amma duk mai cewa 100 ko 200 a ciki ba nata ba ne. Kada kuma ka ƙi kaset ɗin FIFA don ka gan shi dogo da ɗan kunne ruwan ɗorawa a gefe: haka kamfanin Electronic Arts yake yin nasa, na gaske ne. Damfarar da ta fi ɓata mini rai ita ce ta sauya ciki. Jiki na asali, takarda ta asali mai sunan babban wasa, allon ciki kuwa na wani wasa ne da ba mai so. Wannan ido ba ya kama shi, sai an kunna. Kaset goma ka saya, goman a kunna a gabanka.

Wanda ba ya son wannan wahala duka yana da Mega Drive Mini ta 2019, mai wasa 42, HDMI da wutar USB. Ta Sega ce da gaske, tana da kyau, amma ba ta cin kaset, ni kuwa rabin daɗin a wurina cusa kaset ne. Nan ma an yi jabu: ƙaramar NES ta 2016 wasa 30 ne a cikinta, ƙaramar Super Nintendo ta 2017 wasa 21, dukansu da HDMI. In kwali ya ce 620 kuma wayarsa mai kai ruwan ɗorawa ce, Nintendo ba ta san da shi ba. Sandunan nan da ake cusawa a bayan tele masu alkawarin wasa 10000, maimaici ne ya cika su, ka danna tsalle sai an jima mutum ya tashi.

Masu talla a WhatsApp da Facebook kuma, hoton da suka sa sau da yawa daga intanet suka ɗauko. Ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura ko dala kafin ka ga kaya. In mai kayan yana Maraɗi ko Damagaram, ya ɗauki bidiyo yana kunna ta da sunanka rubuce a takarda a gefe, ya nuna ƙasanta da bayan taransfo, ko ka tura wani naka ya gani.

In ka je shago, ka yi sallama, ka ce, "Alhaji, a kunna mu gani," sannan ka nemi wuri ka zauna. Wata cutar ba ta fitowa sai na'ura ta yi ɗumi, hoto ya fara rawa ko murya ta ɗauke, don haka a bar ta ta yi kamar rabin awa tana aiki. Gwada ramin manet na biyu, shi ne ake mantawa, ba tare da shi ba kuwa wasan mutum biyu ya tafi. Danna kowane maɓalli, ka murɗa wayar manet kusa da wuyanta ka ga ko tana yankewa. In kaset ya ƙi tashi, kada ka bari a hura shi da baki, danshin numfashi tsatsa yake jawo wa haƙoran. Auduga da alkol na farmasi sun isa. Wajen kuɗi, ka sa a faɗi na na'ura daban, na taransfo daban, na wayar hoto daban, na kowane manet daban. Duk abin da babu, ko aka ce "gobe zan kawo maka", a cire kuɗinsa tun a wurin.