Wata uku da garin furotin na whey: abin da cikina ya koya mini

Na fara shan wannan gari ne bayan na koma ɗaga ƙarfe, domin abincin da nake ci ba ya ba ni furotin ɗin da nake buƙata. Asalinsa ruwan da ke tsatsafowa ne idan madara ta daskare wajen yin cuku. Shi ake tacewa, a busar, ya zama gari. A furotin ɗin madarar saniya, kusan kashi 80 cikin 100 wani nau'i ne da ake kira kasin, sauran kashi 20 kuwa shi ne whey.

Na fari da na saya an rubuta concentrate a jikinsa, wato nau'in da ba a tace sosai ba. Cokalin awonsa guda na ba da furotin kamar giram 24, yana narkewa a ruwa ba tare da gudaji ba, ɗanɗanon ma ba laifi. Amma cikin mako guda sai kumburin ciki da iska suka addabe ni, wani lokacin har da gudawa. Da na bincika sai na gano laifin laktos ne, wato sukarin madara, wanda jikina ba ya iya narkarwa sosai saboda ƙarancin laktes, sinadarin da ke narkar da shi a hanji. Wannan nau'in yana ɗauke da laktos ɗin da yawa.

Sai na koma isolate, wanda aka ƙara tacewa har furotin ɗinsa ya kai kashi 90 ko fiye, laktos kuma ya rage ƙwarai. Alhamdulillahi, cikin ya kwanta. Ciwon gaɓoɓi bayan motsa jiki ya yi sauƙi, kuma ba na saurin jin yunwa da rana.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake haɗa matsalata da alajin madara. Ba ɗaya ba ne ko kusa. Mai alaji, furotin ɗin kansa ne garkuwar jikinsa ke yaƙa, don haka isolate ba zai cece shi ba, yana iya jawo masa ƙuraje, kumburin leɓe, har da sarƙewar numfashi. Kuma whey yana ɓuya a biskit, cakulan da madarar jarirai, sai an karanta jerin sinadarai a jikin kwali. Mai ciwon ƙoda ma ya fara ganin likita kafin ya ƙara furotin a abincinsa.

Ni dai zan ci gaba da isolate, cokali guda bayan motsa jiki, a ranakun da abinci bai wadatar ba.