Hattara da masu tallar "maganin ƙwayoyin gado" na warkar da gyambo

Jama'a, duk wanda ke da majinyaci mai gyambon da ya ƙi warkewa, musamman mai ciwon suga, ya karanta wannan don Allah. Akwai 'yan damfara a kafafen sada zumunta da ke tallar man shafawa da allura, suna cewa wai maganin yana shiga ƙwayoyin gado na fata, wato umarnin halittar jiki da ake gada daga iyaye, ya umarce ta ta tsiro da sabon nama cikin mako guda. Za su nuna maka hoton ƙafa ruɓaɓɓiya kusa da hoton ƙafa lafiyayya, su ce kaya sun kusa ƙarewa, ka tura kuɗi yanzu.

Abin da ya sa ƙaryar take shiga shi ne a kan gaskiya suka jingina ta. Jiki yana da wasu sinadarai, irin su PDGF da VEGF, masu sa nama ya tsiro da kuma sabbin hanyoyin jini a wurin rauni. Matsalarsu, idan aka shafa su a gyambo ruwan ciwon kan lalata su da wuri. Shi ya sa masana ke binciken yadda za a kai wa fata umarnin ƙera su da kanta. Amma bincike daban, magani a kwalba daban.

A 1997 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani maganin shafawa mai suna Regranex don gyambon ƙafar masu suga. Sinadarin PDGF ne, ba maganin ƙwayoyin gado ba, a firji ake ajiye shi, kuma sai da takardar likita. Na ƙwayoyin gado da ake shafawa a fata shi ne Vyjuvek, wanda FDA ta amince da shi a 2023, kuma ba na gyambon suga ba ne. An yi shi ne don wata cuta ta gado da ba kasafai ake samunta ba, wadda fata ke saluɓewa da ɗan gogayya kaɗan. A daskare ake jigilarsa. To ta yaya irin wannan zai iso maka a ambulan, ya kwana a hanya cikin zafi, daga hannun wanda ko ganin ciwon bai yi ba?

Asarar kuɗin ba ita ta fi ci min rai ba, lokacin da ake ɓatawa ne. Mai suga sau da yawa ƙafarsa ta daina jin zafi, yana shafa mai yana jira, ƙwayar cuta kuwa tana nutsawa har ƙashi. Abin da gyambon ke bukata sananne ne: a cire mataccen nama, a daina taka wurin, a daidaita suga, a duba ko jini na isa ƙafar, a kashe ƙwayar cuta idan ta shiga. Mai sayar da kwalba ba zai yi ko ɗaya ba. Wasu ma cewa suke kada ka bari likita ya taɓa wurin, wai zai ɓata aikin maganin. Wallahi wannan ita ce hanyar da ke kai mutum ga yanke ƙafa.

Allurarsu kuwa kada ka yarda ta taɓa jikin kowa naka, domin ba ka san me ke ciki ba. Idan an riga an saya, a ɗauki kwalbar a tafi da ita wurin likita, a kai rahoton mai tallar ga hukumar kula da magunguna. In kuma wurin ya fara wari, ko ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya shigo, asibiti yau ɗin nan, kada a jira gobe.