Congress.gov: sharhi a kan shafin bibiyar ƙudurorin Majalisar Dokokin Amurka

Duk mai bin labarin siyasar Amurka ya saba jin "majalisa ta amince da ƙuduri kaza", sannan a yi wata da watanni ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Congress.gov shi ne wurin da mutum zai je ya duba da idonsa ko da gaske an amince, wace majalisa ce ta amince, kuma a ina maganar ta tsaya. Shafin na gwamnati ne, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ke gudanar da shi. An buɗe shi a 2012, ya maye gurbin tsohon shafin THOMAS da aka fara a 1995 aka rufe a 2016. Kyauta ne, babu talla, kuma ba sai ka yi rajista ba kafin ka karanta. Bayanan matakan da ƙudurori suka bi sun koma baya har 1973. Hukuncinmu a kansa shi ne: wajen faɗin abin da aka yi, ba shi da na biyu. Amma cijewar da ke tsakanin jam'iyyun Dimokurat da Rifablikan yawancinta abin da aka ƙi yi ne, kuma a nan shafin yakan yi gum. Wanda bai san yadda ake karanta wannan shirun ba, zai tashi da gurguwar fahimta.

Abu na farko, lambar majalisa. Kowace majalisa shekara biyu take yi, kuma ta 119 ta fara zama ranar 3 ga Janairun 2025. Lambobin ƙudurori suna komawa daga ɗaya a kowace sabuwar majalisa, don haka H.R. 4 na majalisa ta 117 daban yake da H.R. 4 na ta 118. Kafin ka rubuta lamba a akwatin bincike, ka zaɓi majalisar tukuna, in ba haka ba shafin zai kawo maka wani ƙuduri can daban. Haruffan gaban lamba su ma suna da muhimmanci. H.R. ƙudurin doka ne da ya faro daga Majalisar Wakilai mai kujeru 435, S. kuma daga Majalisar Dattawa mai kujeru 100. Amma H.Res. da S.Res. matsaya ce kawai ta majalisa ɗaya, ba ta zuwa teburin shugaban ƙasa, ba ta zama doka. Wannan bambanci ya shafi masu karatu a Najeriya da Nijar kai tsaye, domin sau da yawa ana yaɗa cewa Amurka ta yi doka a kan wata ƙasa ta Afirka, alhali ɗan majalisa ɗaya ne ya gabatar da matsaya da ko kwamiti ba ta wuce ba.

A saman shafin kowane ƙuduri akwai layi mai nuna matakai: an gabatar, ya wuce Majalisar Wakilai, ya wuce ta Dattawa, ya je wurin shugaban ƙasa, ya zama doka. Ƙarƙashinsa akwai ɓangarori: taƙaitawa, cikakken rubutu, matakan da aka ɗauka, sunayen ƙudurin, gyare-gyare, masu mara baya, kwamitoci da ƙudurori masu alaƙa. Wanda ya fi kowanne amfani shi ne mai suna "Actions". Ka zaɓi a nuna maka dukkan matakai, kada ka tsaya a taƙaitaccen jeri. Daga nan za ka iya latsa lambar ƙuri'a, ta kai ka shafin akawun Majalisar Wakilai ko na Majalisar Dattawa, inda sunan kowa yake tare da abin da ya zaɓa.

Mu gwada shi da dokar kare haƙƙin zaɓe, wadda ita ce cibiyar rikicin launin fata a siyasar ƙasar. Dokar ta 1965 ta tilasta wa jihohin da suka yi ƙaurin suna wajen hana baƙaƙen fata zaɓe, galibinsu a kudu, su nemi izinin gwamnatin tarayya kafin su sauya ƙa'idojin zaɓe. A 2006 aka sabunta ta da ƙuri'a 390 da 33 a Majalisar Wakilai, da 98 ba hamayya a ta Dattawa, George W. Bush na Rifablikan ya sa hannu. A 2013 Kotun Ƙoli, a shari'ar gundumar Shelby, ta soke ma'aunin da ake tantance jihohin da shi. Ƙudurin da ke ɗauke da sunan marigayi John Lewis, ɗan majalisa kuma ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, wato H.R. 4, yunƙurin gyara wannan ɓaraka ne. Ya wuce Majalisar Wakilai a watan Agustan 2021 da ƙuri'a 219 da 212, kowa ya bi layin jam'iyyarsa. Ka buɗe shafin 2006 da na 2021 gefe da gefe. Tazarar da shekara 15 ta haifar tsakanin jam'iyyun biyu tana nan a lambobi, ba sai wani ya yi maka sharhi ba. Wannan shi ne babban ƙarfin shafin.

Daga nan tarko ke farawa. Takwaran ƙudurin a Majalisar Dattawa, S. 4, an kaɗa masa ƙuri'a ranar 3 ga Nuwamban 2021, aka samu 50 da 49, amma shafin ya rubuta cewa bai yi nasara ba. Dalili kuwa, ba ƙuri'ar amincewa da doka ba ce, ƙuri'ar rufe muhawara ce, kuma tun 1975 ita tana buƙatar sanatoci 60. Wannan ita ce filibasta: marasa rinjaye su hana a kai ga ƙuri'ar ƙarshe. A yau ba sai sanata ya tsaya yana magana dare da rana ba, ya isa a san cewa 60 ba su cika ba. Shafin bai yi wa baƙo wannan bayani a wurin ba, sai ka je ƙamus ɗin kalmominsa. Tarko na biyu yana cikin jerin sunayen. Za ka ga Chuck Schumer, jagoran masu rinjaye a lokacin kuma mai goyon bayan ƙudurin, a cikin waɗanda suka ce a'a. Ba juya baya ya yi ba. Ƙa'idar majalisar ce ta ce sai wanda yake ɓangaren da ya yi galaba zai iya neman a sake duba ƙuri'a, shi ya sa jagora kan sauya tasa a ƙarshe. Ɗan jaridar da bai san wannan ba yana iya buga labarin da ba haka yake ba. Lisa Murkowski ta Alaska ita kaɗai ce 'yar Rifablikan da ta ce e a ranar.

Tarko na uku ya fi wuyar ganewa. A Janairun 2022 'yan Dimokurat suka haɗa ƙudurorin zaɓe biyu suka zuba su cikin H.R. 5746, wanda asalinsa a kan hayar kadarorin hukumar sararin samaniya ta NASA yake. Sun yi haka ne don ƙudurin ya riga ya zaga majalisun biyu, don haka ana iya buɗe muhawara a kansa ba tare da ƙuri'a 60 ba. Wanda ya duba rubutun farko zai rantse maganar kumbo ce. Maganin wannan shi ne ka shiga ɓangaren "Text" ka zaɓi siga ta ƙarshe daga jerin sigogin, sannan ka leƙa "Titles" ka ga duk sunayen da ƙudurin ya taɓa ɗauka. Ranar 19 ga Janairu ƙuri'ar rufe muhawara ta faɗi da 49 da 51, yunƙurin sauya ƙa'idar filibasta kuma ya faɗi da 48 da 52, bayan Joe Manchin da Kyrsten Sinema sun ƙi bin jam'iyyarsu.

Waɗannan aƙalla an kaɗa musu ƙuri'a, akwai abin gani. Inda shafin ya fi gazawa shi ne ƙudurin da aka bari ya mutu a tsaye. Ka duba H.R. 1280, ƙudurin gyaran aikin 'yan sanda mai sunan George Floyd. Ya wuce Majalisar Wakilai a Maris ɗin 2021 da 220 da 212, aka karɓe shi a Majalisar Dattawa, shi ke nan. Watannin da Sanata Cory Booker na Dimokurat da Sanata Tim Scott na Rifablikan da 'yar Majalisar Wakilai Karen Bass suka kwashe suna tattaunawa, da taƙaddama a kan kariyar da ke hana a kai ɗan sanda ƙara cikin sauƙi, da wargajewar maganar a Satumban 2021, babu ko ɗaya a shafin ƙudurin. Layin matakai har yau yana nuna ya wuce majalisa ɗaya, kamar gobe za a ci gaba, alhali duk ƙudurin da bai zama doka ba yana mutuwa ne ranar da wa'adin majalisarsa ya ƙare. Ya kamata a ce akwai alama ɓaro-ɓaro mai cewa wannan ya mutu. Rashinta aibi ne na gaske, ganin cewa ana gabatar da ƙudurori sama da dubu goma a kowace majalisa, 'yan ɗaruruwa ne ke zama doka.

Haka labarin dokar Emmett Till yake, wadda ta mai da kisan gilla na taron dangi, irin wanda aka daɗe ana yi wa baƙaƙen fata, laifi a matakin tarayya. Till yaro ne ɗan shekara 14 da aka kashe a Misisipi a 1955. An shafe fiye da shekara ɗari ana gabatar da irin wannan ƙuduri yana faɗuwa. A 2020 ya wuce Majalisar Wakilai da 410 da 4, sai Sanata Rand Paul ya tare shi a Majalisar Dattawa. Don ka karanta musayar da aka yi a zauren a watan Yunin shekarar, sai ka shiga kundin zaman majalisa na kullum, wato Congressional Record, wanda shi ma yana cikin shafin, ka nema da kwanan wata. A 2022, da sabuwar lamba H.R. 55, ya wuce da 422 da 3, Majalisar Dattawa kuma ta amince ba tare da kiran suna ba, don haka babu jerin ƙuri'a da za ka duba. Joe Biden ya sa hannu ranar 29 ga Maris.

A kula da yawan masu mara baya. H.R. 40, mai neman a kafa hukumar nazarin biyan diyyar bauta, ɗan Majalisar Wakilai John Conyers ya fara gabatar da shi a 1989, kuma yakan tara sunaye masu yawa. Sai a Afrilun 2021 ya fara tsallake kwamitin shari'a, bai taɓa zuwa zauren majalisa don ƙuri'a ba. Abin da ya fi amfani a jerin shi ne ka tace shi da jam'iyya. Ƙuduri mai sunaye 150 daga jam'iyya ɗaya ya fi mai sunaye 20 daga jam'iyyu biyu nisa da zama doka.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Turanci kawai yake yi, kuma Turancin lauyoyi. Taƙaitawar da sashen binciken majalisa ke rubutawa tana da kyau kuma ba ta ɗaukar ɓangare, amma takan yi jinkiri. A waya yana buɗewa ba tare da cin data mai yawa ba, sai dai matatun bincike sun fi sauƙin sarrafawa a kwamfuta. Idan ka buɗe asusu kyauta, za a riƙa aiko maka da imel duk lokacin da ƙudurin da kake bi ya motsa.

Kada kuma a nemi abin da ba hurumin shafin ba. Dokokin zaɓe da shata mazaɓu galibi majalisun jihohi ke yin su, kotuna ke warware rigimarsu. Hukuncin 2023 a kan taswirar Alabama, jihar da baƙaƙen fata suka haura kashi ɗaya cikin huɗu amma a lokacin suke da rinjaye a mazaɓa ɗaya cikin bakwai, a shafin Kotun Ƙoli za ka same shi. Mai son ganin yadda tazarar jam'iyyu ta faɗaɗa cikin shekaru ya haɗa da Voteview, shafin da ke nazarin ƙuri'un 'yan majalisa, mai son kallon zaman da kansa ya haɗa da C-SPAN, tashar da ke watsa zaman majalisa. Ga ɗan jarida ko ɗalibin kimiyyar siyasa, kafin ka rubuta cewa an amince da wani abu, ka tabbatar da lambar majalisar, da haruffan gaban lambar ƙudurin, da kwanan watan mataki na ƙarshe.