Crescent ruwan lemo ko Monark shuɗi: yadda za ka zaɓi tsohon keken tsere na Suwidin ta fentinsa

Mai neman tsohon keken tsere ƙirar Suwidin launi biyu zai fi cin karo da su: ruwan lemo na Crescent da shuɗi na Monark. Sunayen biyu sun faro ne a matsayin kishiyoyi. Monark na garin Varberg ne, inda Birger Svensson ya fara sana'ar a 1908. Crescent kuwa daga 1931 yana hannun kamfanin Nymans na Uppsala. A farkon shekarun 1960 aka haɗe su gida ɗaya da ake kira MCB, aikin ƙira ya koma Varberg. Shi ya sa kekunan tserensu na shekarun 1970 suke kamar Hassan da Husaini: Crescent 92320 da Monark 90320 kusan abu ɗaya ne, fenti da tambari da sitika suka raba su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka nauyin fenti a cinikin nan. Idan aka kankare shi, an tafi da babbar shaidar ko wane keke ne a gabanka.

Kowane launi da abin da yake tunatar da masu shi. Crescent yana taƙama da Harry Snell, wanda ya ci gasar duniya ta waɗanda ba ƙwararru ba a Valkenburg ta Holan a 1948, daga nan kamfanin ya riƙa kiran kekensa Världsmästarcykeln, wato keken zakaran duniya. Shuɗin Monark kuma ana danganta shi da 'yan gidan Pettersson huɗu, Gösta da Sture da Erik da Tomas, da aka fi sani da 'yan'uwan Fåglum, waɗanda suka ci gasar duniya ta tseren ƙungiya a 1967 da 1968 da 1969. Gösta ne ya ci Giro d'Italia, babban tseren keke na Italiya, a 1971. Crescent da masu tarawa suka fi bi shi ne Pepita, mai sitikar gida-gida baƙi da fari a jikin bututun firam. Ruwan lemo ya fi yawa, amma akwai fari. Akwai kuma Mark XX da aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa, don haka ganin hasken ƙarfe a jikinsa ba alamar an kankare fenti ba ne. Sai ka lura da suna: akwai Monark na Birazil, akwai kuma wani Monark na Amurka da aka yi a Chicago wanda ba shi da alaƙa da na Varberg.

Kafin maganar kuɗi, tabbatar ko fentin na asali ne

Mai sayarwa zai ce maka fentin kamfani ne. Kada ka yi musu, ka nemi hotuna ko ka duba da idonka wuraren da ke tona asiri. Lambar firam da aka buga a ƙarfe ya kamata ta fito tsaf, bakinta da kaifi. In ta cike ta yi sulɓi, an ɗora fenti a kan fenti. Haka bakin mahaɗan firam, waɗannan kwasfan ƙarfe da bututu ke shiga cikinsu: fentin kamfani siriri ne, yana barin zanen gefensu a fili. Duba ƙusoshin tambarin gaba, da kofunan wuyan keke, da zaren da ake ɗaura giya ta baya. Fenti a kan waɗannan yana nufin wani ya yi feshi bai kwance kayan ba. Sitika sabuwa fil a kan keken da ya haura shekara hamsin ita ma abin tambaya ce.

Babban dalilin da ya sa tsohon fenti ya fi sabo daraja wajen mai saye ba kwalliya ba ne. Keken da ya taɓa karo ta gaba yana barin alama a bayan mahaɗan wuya, a ƙasan bututun sama da na ƙasa, kamar santimita 2 zuwa 5 daga bakin mahaɗa: fenti ya tattare ko ya tsattsage a zagaye, kuma in ka shafa da yatsa za ka ji ɗan kumburi. Sabon fenti da ɗan abin cike rami suna rufe wannan sarai. Bututun ƙarfe na Reynolds 531 da aka yi manyan Pepita da shi kaurin bangonsa a tsakiya bai kai milimita 1 ba, don haka lanƙwasa ko tsatsa mai rami ba ƙaramin lahani ba ne.

Zaɓi na farko: keke da fentinsa, a wanke a adana

Wannan muka fi ba da shawara, muddin mafi yawan fentin yana nan kuma tsatsar ta sama ce. Shi ne mafi arha, kuma shi masu tarawa suka fi so. A kwance keken gaba ɗaya, a wanke da ruwa da sabulun wanke mota, a cire tsohon giris da kananzir a tsumma. Kada tina ta kusanci firam, tana iya narkar da tsohon fenti cikin ɗan lokaci. Man goge mota mara kaushi ake sawa da hannu, a fara gwadawa a ƙarƙashin gidan feda. Tsumma zai ɗauko launin lemo, wannan mataccen saman fenti ne, amma in ka ga farar shimfiɗa ta fara leƙowa ka tsaya nan take. A kewaye sitika, kada a goge ta kanta, don tsofaffin sitiku ba su da kariya mai kauri.

Tsatsa mai yawa ana jiƙa ta a ruwan asid oksalik, kamar giram 10 a kowace lita, na awa 12 zuwa 24, sannan a ɗauraye da ruwan da aka zuba wa bekin soda, a busar da cikin bututu sosai, a fesa man hana tsatsa a ciki. Kada a sa kayan alminiyom ko masu rufin zink a wannan ruwa, yana ɓata su. A gwada a fok, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, tukuna kafin a tsoma firam, saboda wani fentin yana dusashewa. Daga ƙarshe kakin mota shafi biyu.

Zaɓi na biyu: cike gurbi

In ƙujewar ta kai ƙarfe amma ba ta da faɗi, ɗigon fenti ya wadatar. Mililita 30 zuwa 50 ya ishi keke guda. A kankare tsatsar gurbin kawai, a ɗiga firama, wato fentin shimfiɗa, a bar ta ta bushe, sannan a ɗiga launi da tsinken sakace ko ƙaramin burushi, sau uku ko huɗu, har ya ɗan fi kewayensa tudu. Bayan mako guda a daidaita da samfefa mai lamba 1500 zuwa 2000 da ruwa, a goge. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne haɗa launin da keken ya fito da shi daga kamfani. Gurbin zai yi ta ƙyalli a tsakiyar fentin da rana ta ci. Don cike gurbi, launin yau ake bi, ba na jiya ba.

Ina ake samun launin asali?

A jikin keken kansa. Za ka ga mutane suna yaɗa lambobin RAL, tsarin launi na Jamus, suna cewa ruwan lemon Crescent shi ne RAL 2004, wani ya ce 2008, wani 2009, shuɗin Monark kuma a kai shi 5012 ko 5015. Duk waɗannan kusantawa ce. Sun isa mafari, ba su isa hujja ba. Tulun fenti yana bambanta daga shekara zuwa shekara, rana kuma tana cin ja da ruwan lemo fiye da yawancin launuka, hoton waya kuwa kowane allo da yadda yake nuna shi.

Wurin da rana ba ta taɓa gani ba shi ne abin dogaro. Zare fok ka dubi bututunsa da ke ɓoye cikin wuya, sau da yawa akwai fenti a gindinsa. Kwance maɗaurin hannun giya da ke kan bututun ƙasa, da maɗauran wayar birki a bututun sama: a ƙarƙashinsu za ka tarar da zoben launi mai zurfi, yana sheƙi kamar jiya aka fesa, gefensa kuma ya koɗe ya koma kamar ɓawon lemon da ya kwana uku a faranti. Wannan zoben ake kai wa mai haɗa fenti.

Masu haɗa fentin mota na zamani suna da na'urar karanta launi, amma an yi ta ne don shimfiɗaɗɗen ƙarfen mota. Bututun keke faɗinsa yawanci milimita 25.4 ne a sama, 28.6 a ƙasa da na sirdi, haske yana shiga ta gefe ya rikita karatun. Don haka kada ka karɓi abin da na'ura ta faɗa kai tsaye. Ka ce a fesa gwaji a kan guntun bututu, a kan irin firamar da za a yi aiki da ita, a bari ya bushe, a kwatanta a hasken rana a inuwa, ba ƙarƙashin fitilar shago ba. Launi biyu suna iya zama ɗaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki su rabu da zarar an fita waje. In daga Suwidin za a aiko maka da bayani, can sun fi amfani da tsarin NCS, wanda nasu ne, kuma lambobinsa ba sa faɗawa daidai kan na RAL.

Firama tana da hannu sosai a ruwan lemo. Launi ne da ba ya rufewa da kyau. A kan fara yana fitowa da haske, a kan toka-toka yana komawa kamar jar ƙasa. Shuɗi ya fi yafiya. A tsoffin fentin ruwan lemo da rawaya ana iya samun dalma, don haka ba a goge su a bushe ana shaƙar ƙurar. A jiƙa samfefa, a sa takunkumi.

Zaɓi na uku: sabon fenti gaba ɗaya

Ana zuwa nan ne in tsatsa ta ci fiye da rabi, ko an yi walda, ko wani ya riga ya lalata na asalin. Kafin komai a ɗauki hoton kowace sitika da ma'auni a gefenta, a rubuta nisanta daga mahaɗa, a kuma bar fentin gindin fok yadda yake don na gaba ya samu shaida. A tabbatar an samu sitikun da suka dace da shekarar keken kafin a kankare, don Pepita ba gida-gidansa ba Pepita ba ne.

Fenti mai haɗi biyu, wato launi da sinadarin taurarawa, da ake fesawa da bindigar feshi shi ya fi kama da na asali. Ana iya yinsa siriri, ana iya haɗa kowane launi. Firam da fok suna cin kamar mililita 200 zuwa 300 na launi. Firamar epoksi tukuna, a goge da samfefa 600 zuwa 800, sannan launi shafi biyu ko uku marasa kauri. Mai fentin mota da bai saba da keke ba yakan yi kuskure biyu: ya tsiyaye a bakin mahaɗa, ko ya bar cikin kusurwar gidan feda ba fenti. A fara da kusurwoyi, a ƙare da dogayen bututu. Ka kuma roƙe shi ya rage fentin sheƙi na sama, don sheƙi mai kauri kamar gilashi yana sa keken 1973 ya yi kama da na bana. Sinadarin da ke taurara wannan fenti yana illa ga huhu, takunkumin ƙura bai isa ba. Wanda zai yi aikin a ƙasashenmu kuma ya guji kwanakin hazo sai in akwai rufaffen ɗaki, ƙura tana zama a ɗanyen fenti.

Fentin gari da ake gasawa a tanda a zafin digiri 180 zuwa 200 ya fi jure ƙujewa, kuma yawanci ya fi arha. Zafin ba ya taɓa haɗin firam, don tagullar da aka haɗa shi da ita sai zafi ya haura digiri 800 take narkewa. Matsalarsa uku ce. Launi yawanci sai wanda ke kan katin RAL. Kauri yana cike bakin mahaɗa da lambar firam. Sannan kankarewar da ake yi kafinsa da feshin yashi mai kaushi tana iya cinye siririn bututu, musamman a hannun wanda ya saba da ƙofar ƙarfe. A nemi feshi mai laushi da ƙaramin matsi, a toshe zaren gidan feda da ramin sandar sirdi, a rufe duk inda ke da kirom. Ga ƙaramin samfuri da za a riƙa hawa kullum, wannan ya yi. Ga 92320 ko 90320 kuwa asara ce.

Gwangwanin feshi shi ne na ƙarshe. Firama ɗaya mai mililita 400, launi biyu, na sheƙi ɗaya. In duka na haɗi ɗaya ne, maɗaurin giya zai ƙuje shi ranar farko, fetur kuma ya narkar da shi. Akwai gwangwanin sheƙi mai haɗi biyu da ake danna gindinsa kafin a fesa, amma da zarar an danna sai a ƙarar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. A bar firam ya yi mako biyu kafin a ɗaura masa kaya.

Wajen ciniki, in an ajiye maka biyu a farashi ɗaya, ɗaya da ƙujajjen fentin kamfani da sitikar da ta ɗan ɓare, ɗayan yana walƙiya ba wanda ya san mai fentinsa, ɗauki na farko. Mai walƙiyar sai in an nuna maka hotunan firam tsirara kafin feshi, an bar ka ka zare sandar sirdi ka haska tocila a ciki. A kasuwannin intanet na Suwidin irin su Tradera da Blocket, kalmar da za ka nema a talla ita ce originallack, fentin asali ke nan. Omlackerad kuma na nufin an sake fenti.